Malam Me-Na-Ce: Ta'aziyyar Injiniya Babayo Hammajoda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran Injiniya Babayo Hammajoda bayan jinyar kwana tara. An yi masa salla bayan la'asar a ƙofar gidansa da ke Fadaman Mada, nan cikin Bauchi. Ya bar matarsa Hajja Fatu, da 'ya'ya biyar, da jikoki uku.

Labarin ya same ni a shagona a Gwallaga, na buɗe cikin wayar wani ina canza mata wurin caji. Habila ne ya kira, abokin aikin marigayin na shekara ashirin. Ya ce, "Sabitu, Oga ya tafi." Na ajiye wayar da nake gyarawa. Can sai na ji ya ce, "Me na ce?" Na ce, "Ka ce Injiniya ya rasu." Ya ce, "Haka ne," ya kashe wayar. Wanda bai san marigayin ba zai ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa kan Habila. Ba haka ba ne. Tarbiyya ce, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Injiniya, bari in yi magana da kai tsaye, ka san ban iya kwana-kwana ba. Ni ba marubuci ba ne, mai gyaran waya ne. A aji uku na sakandare na bar makaranta. Ɗan abin da na sani, a tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi wajen Wunti na tsince shi, da wani ƙamus marar bango, da abin da nake tonowa a waya. Irin wannan karatu yana da ciwo guda: babu malamin da zai ce maka ka yi kuskure, sai ka ɗauka ba ka taɓa yi ba. Da wannan ciwon na fara saninka, kuma kalmar farko da na taɓa rubutawa a kanka zagi ce. Tunda a bainar jama'a na yi zagin, a bainar jama'a zan faɗi gaskiyar.

A farkon shekarar 2021, ƙaramar hukumar da kake riƙe da sashen sadarwarta ta yanke shawarar haɗa sakatariya da ƙauyukanta. Ba zan kira sunanta ba, tana nan gefen gari, waɗanda suka sani sun sani. Wurare talatin da biyu ake so a haɗa: ɗakunan shan magani, malaman dabbobi, masu unguwanni da arɗoɗin Fulani. Ana son a riƙa magana, a kuma riƙa tura rubutaccen saƙo, kamar rahoton ɓarkewar cuta ko neman motar asibiti. Hanya biyu aka ajiye a gaban kwamiti. Ta farko, na'urori masu fuska kamar waya, a sa musu layi, su hau kan data ta kamfanonin waya, su tura murya da rubutu da hoto har da bidiyo. Ta biyu, oba-oba, wato rediyon hannu, irin ta zamani, wadda ba ruwanta da sabis ɗin kowa: hukuma ta kafa eriyarta a kan dutse, da sola da batir, murya ta wuce, gajeren rubutu ya wuce, hoto kuwa babu. Ta farko yarinya ce mai kwalliya. Ta biyu kuwa, ko a hannu ka riƙe ta sai a ɗauka ɗan sintiri ne kai.

Ni kuma ina da nawa dalilin na sa baki. Yayata Saudatu ita kaɗai ce ma'aikaciyar lafiya a ɗakin shan magani na Wuro Hammadu, can bayan duwatsun da ke gaba da Gubi. A daminar 2020 aka kawo mata wata mata ta haihu jini ya ƙi tsayawa. A duk garin wuri ɗaya ne ake samun sabis, wani suri da ke bayan asibitin. Yaya Saudatu ta bar matar a kwance, ta hau surin nan cikin ruwan sama, ta ɗaga waya sama tana juyawa. Kafin kiran ya shiga, an leƙo an ce mata ta sauko, an gama. Ta dawo gida ta yi kwana huɗu. Daga nan ta rubuta takardar barin aiki, ta ninke ta sa a jaka, ta ce wa mahaifiyarmu in har aka sake sa ta zaɓi tsakanin riƙe hannun mara lafiya da hawa suri, za ta miƙa. In ta miƙa kuwa, ba wanda zai maye gurbinta. Wurin ya yi shekara biyu a kulle kafin ta yarda ta je.

To sai ga kamfanin na'urori masu layi ya yi gwaji a watan Maris, ya kawo rahoto: wurare talatin da biyu, duka talatin da biyun sun ji saƙo. Kowa ya yi murna. Kai kaɗai ka ƙi sa hannu. Labari ya fito gari cewa wani injiniya ya zauna a kan takarda. Ni kuwa jinina ya hau. Na zauna na rubuta a shafina cewa wani tsoho da ya kwana a zamanin oba-oba yana wasa da rayukan mata, bai san abin da ake kira data ba, kuma ƙila jira yake a lasa masa wani abu. Na jero sunayen fasahohi da Turanci don a san na yi karatu. Mutum ɗari huɗu suka yaɗa. Na kwana ina jin kaina gwarzo.

Kwana biyu bayan nan wani dattijo siriri ya tsayar da tsohon babur a ƙofar shagona, ya yi sallama, ya zauna a kan benci kamar mai jiran gyara. Sai da na sallami mutum biyu sannan ka ce, "Kai ne Sabitu mai rubutu?" Na ce ni ne. Ka ce, "Ni ne tsohon da ya kwana." Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na fara shirin faɗa, don shi na iya. Sai ka zaro takarda, ashe bugo rubutun ka yi, ka ja layi a wasu wurare da jan biro. Ka ce, "Nan da nan ka faɗi daidai, ban san akwai mai karanta irin waɗannan abubuwa a Gwallaga ba. Nan ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, zan ba ka littafi. Maganar lasawa kuwa na bar ka da Allah, shi ma na roƙe shi ya yafe maka. Ranar Asabar kana da aiki?"

Ranar Asabar ka goya ni a babur ɗin nan har Wuro Hammadu. Ba asibiti muka fara zuwa ba, wajen Arɗo Ja'afaru muka sauka, ɗaya daga cikin talatin da biyun da aka ba na'ura. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, kuka yi gaisuwa da Fillanci har na gaji da zama. Sannan ka juya Hausa saboda ni, ka ce, "Arɗo, an ce ranar gwaji kun ji saƙon ciyaman."

Ya ce, "Mun ji, mun gode. Allah ya ja zamaninsa."

Ka ce, "Ni kuwa ban samu na ji ba, ina kan hanya. Ko za ka ɗan gutsura mini abin da ya faɗa?"

Arɗo ya dubi ƙasa, ya gyara zaman sandarsa. Ya ce, "Ai maganar manya ce. Alheri ya faɗa."

Ka ɗauki nono ka kurɓa. Can ya aika aka ɗauko na'urar a naɗe cikin zane mai tsabta, ya ajiye a gabanka, ya ce, "Gaskiya dai, Babayo, abin nan tun da aka kawo shi ko tari bai yi ba."

Ni da bakina da ba ya jira, na ce, "To Baba, don me ka ce ka ji?"

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ɗan nan, mutum ya taso daga gari a mota, ya sha ƙura, ya tsaya a gabana ya ce shugaba ya gaishe ni, ko na ji? Sai in ce masa ban ji ba? Ni wa? Kuma ai na ji. Ranar kasuwa aka faɗa mini ciyaman ya yi gaisuwa."

A hanyar dawowa ka tsaya a gindin wata ɗorawa, ka kashe babur. Abin da ka faɗa mini a wurin ban taɓa ganinsa a littafi ba. Ka ce mutanen kamfanin ba su yi ƙarya ba, Arɗo ma bai yi ba. Sun tura gaisuwar ciyaman, sannan suka bi gari-gari suna tambaya, "Kun ji?" Su a wurinsu tambayar kunne ce. Mu kuwa a wurinmu ji ba na kunne kaɗai ba ne. Na ji yana nufin sauti ya shiga. Yana nufin na gane. Yana nufin na yarda, na bi, ba ni da ja. Yana nufin labari ya iso ni ta bakin wani. Wanda ya ce wa na gaba da shi "ban ji ba", kusan cewa ya yi "na ƙi". Ka ce, "Sun tafi auna sabis, sun dawo da awon ladabi. Ladabi kuwa a ƙasar nan ko'ina ya cika sanda huɗu."

Sai ka ce za ka sake gwajin, na'urorin kamfani da oba-oba guda shida da ka aro, gefe da gefe, amma ba za ka taɓa tambayar kowa ko ya ji ba. Tambaya za ka yi wadda ladabi ba zai iya amsawa ba. Na yi caraf na ce a tura musu saƙo a ce kowa ya faɗi yawan shanunsa. Ka yi dariya har sai da ka riƙe babur. Ka ce, "Ɗan birni! Ka tambayi Bafillace yawan shanunsa? Ai ko sabis ya kai sanda goma, ranar duk na'urorin za su lalace." Abin da ka zaɓa shi ne sunan itace. Kowace safiya Habila zai tura sunan itace ɗaya daga sakatariya, da murya da rubutu. Kai kuma ka bi gari-gari, bayan gaisuwa ka ce, "Wane itace na aiko maka yau?" Wanda saƙo ya iso wa zai ce tsamiya, ko kanya, ko marke. Wanda bai iso wa ba, sai ka ji ya ce, "To, itatuwa dai ai duk na Allah ne." Sai ka yi masa godiya, ka ja ɗan gajeren layi a littafinka, ba tare da ya san ya faɗi jarrabawa ba. Ban taɓa ganin ka kunyata mutum ɗaya ba a duk yawon nan.

Da aka gama na rani na ce shi ke nan, a kai rahoto. Ka ce a'a, mata ba da rani kaɗai suke haihuwa ba. Sai an sake a watan Agusta, lokacin da ganye ya rufe, hadari ya sauko, rafuka suka cika, mai kai wa ƙarfen sabis man janareta ya kasa wucewa. Wata huɗu ana zaginka a gari saboda wannan jinkiri, da kalmomin da ni na ƙirƙiro. Na ce zan rubuta in janye. Ka ce in bari sai an samu sakamako, kada in janye zagi da jahilci kamar yadda na yi shi da jahilci. Wannan maganar ta yi mini zafi, na yi mako ban gaishe ka ba. Ko a jikinka.

Duk Asabar ɗin da na samu na bi ka. Na ga ka faɗi a taɓo da babur sau biyu, na biyun ka ɗaga littafin sama kamar jariri, kai kuwa ka nutse har ƙugu. Na ga tsofaffin mata suna jiranka da rediyoyinsu da suka mutu, kai kuma ka zauna a kan turmi ka gyara, ka zaro batir daga aljihu ka sa, ka ce ai dama ragowa ne. Ba ragowa ba ne, a gabana ka saya a kasuwar Muda Lawal. Ka ba ni littattafai uku, kowanne in na dawo da shi sai ka ce, "Ka karanta?" In ce na karanta. Ka ce, "Me ya ce?" A nan na gano rabin abin da nake cewa na sani, jin sa kawai na yi a kasuwa, kamar Arɗo.

Sakamakon damina ya fito: na'urori masu layi sun isar da saƙo a wuri goma sha ɗaya cikin talatin da biyu. Oba-oba, da eriyar wucin gadi a kan dutse, ta isar a ashirin da tara. Wuro Hammadu tana cikin waɗanda layi bai taɓa kaiwa ba ko sau ɗaya.

Ranar zaman kwamiti a watan Oktoba ka tafi da ni, ka gabatar da ni da cewa, "Wannan shi ne ya fi kowa zagina, na kawo shi ya ga ƙarshen magana." Zaman bai yi daɗi ba. Wani ya ce ana tafiya gaba kana jan mutane baya. Wani ya ce rahoton kamfani bugagge ne mai hatimi, naka kuwa littafin makaranta ne da taɓo a jiki. An riga an fara raɗe-raɗin za a mayar da kai sashen kula da kasuwanni, kowa a ɗakin ya sani, kai ma ka sani. Ciyaman, wanda zan yi wa adalci in ce mutum ne mai sauraro, ya ce shi abin da ya kasa ganewa shi ne yadda dattawa talatin da biyu za su ce sun ji abin da ba su ji ba.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti ɗaya." Ka je ka yi masa raɗa. Ya yi murmushi, ya juyo ya dube ni can ƙarshen ɗaki inda nake tsaye kusa da fanka mai ƙara, ya motsa baki ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Samari, ka ji ko?"

Ni Sabitu, mai bakin da duk Gwallaga ke tsoro, wanda ya san dabarar tun daga tushe, wanda aka yi wa bayaninta a gindin ɗorawa, na ji bakina ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Ka ce, "Me ya ce?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Ashe cewa ya yi hulata a karkace take. Na tsaya kamar an dasa ni. Amma ba ka bar ni a wurin ba. Ka ce, "Kada ku yi masa dariya, tarbiyyar gidansu ce ta yi magana. In wannan, da bakinsa, bai iya ce wa ciyaman bai ji ba, Arɗo ne zai iya?" Daga nan aka buɗe littafin mai taɓo aka fara karantawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba ka ce a yar da na'urori masu layi ba. Ka ce a bar su a wurare goma sha ɗayan da suke aiki, don hoto yana da amfani, malamin dabbobi zai so a ga bakin saniya. Amma ƙashin bayan tsarin ya zama rediyo, mai eriyar da hukuma ke iko da ita, don ranar da aka fi bukatar saƙo ita ce ranar da sabis ke ɗaukewa. Ni da na ce ba ka san data ba, kai ne ka zauna ka tsara gajerun saƙonnin rubutu yadda za su wuce ta rediyo: sunan gari, abin da ya faru, abin da ake bukata, hanyar da za a bi. Layi huɗu, ba ƙari. Da kai aka ɗauki farantan sola a ka aka hau dutse, kana da shekara hamsin da shida, Habila yana bayanka yana cewa, "Oga, in ka faɗo ni zan yi wa Hajja bayani?" Sauran garuruwa ukun da ba su samu ba, sai da ka matsar da eriya sau biyu suka samu.

Kuma ka kafa doka guda wadda ta fi eriyar muhimmanci: a kan wannan rediyo an haramta cewa "na ji". Duk wanda aka ba saƙo sai ya maimaita shi da bakinsa, ko ciyaman ne, ko masinja. Da farko mutane sun ji nauyi, wasu sun ce rashin kunya ce ƙaramin ma'aikaci ya ce wa babba "me na ce?" Ka ce to a ɗora laifin a kanka, a ce Injiniya ne ya tilasta. Daga nan suka sa maka Malam Me-Na-Ce. Ka san da sunan, har kana amsawa.

Ranar wata Alhamis cikin Agustan 2022, bayan azahar, ana ruwa tun safe, sabis ya ɗauke a duk yankin. Aka kawo wa Yaya Saudatu wata mai naƙuda, ta haihu, jini ya ɓalle, kamar wancan karon. Wannan karon ba ta hau suri ba. Hannunta ɗaya a kan cikin matar, ɗaya riƙe da oba-oba, ta kira sakatariya. Ɗanlarai, mai karɓar saƙo a can, shi ne a bakin aiki. Ta ce Wuro Hammadu, jini bayan haihuwa, a turo mota, a bi ta hanyar sama don rafi ya cika. Ta ce, "Me na ce?" Ɗanlarai ya maimaita, ya ce, "Tudun Hammadu, jini bayan haihuwa..." Ta daka masa tsawa, "Wuro! Wuro Hammadu!" Ya gyara, ta tura rubutun ya tabbatar. Tsakanin Tudun Hammadu da Wuro Hammadu tafiyar awa ɗaya da rabi ce da damina. Da "na ji" ya ce, da motar ta tafi inda ba a nemanta. Matar tana nan da ranta, ɗanta yana gudu yanzu. Mijinta ya kawo maka ƙwaryar man shanu har Fadaman Mada, ka ce a kai wa Ɗanlarai, shi ne ya yarda aka gyara masa kuskure.

Mako guda bayan nan Yaya Saudatu ta zo gidanka ta zaro takardar nan da ta shekara biyu a jaka, duk ta tsufa a ninke, ta miƙa maka, ta ce ba ta da sauran bukatarta. Ka karanta har ƙarshe, ka ce, "'Yata, akwai kuskuren rubutu biyu a ciki, ba za a karɓa ba." Ka sa ta a cikin littafinka. Jiya Hajja Fatu ta nuna mini littafin, takardar tana nan a shafin Wuro Hammadu.

Na rubuta janyewata a lokacin. Mutum goma sha tara suka yaɗa. Zagi ɗari huɗu, gaskiya goma sha tara. Na zo ina huci na faɗa maka, ka ce in bar ƙirga mutane in je in ƙarasa littafin da ka ba ni.

Yanzu ga abin da ya hana ni barin wannan rubutu ya zama yabo kawai. Kwana uku kafin rasuwarka na je duba ka a asibiti da hantsi. Ka rame, muryarka ta yi ƙasa, sai da na sunkuya. Ban ji kana maganar ciwo ba. Ka ce batiran da ke kan dutse sun gaji, in aka yi kwana biyu ana hadari ba rana, eriya za ta mutu kafin azahar. Ka ce ka rubuta takarda tun Fabrairu. Ka ce a canza su kafin ruwa ya zauna, kuma kada a sa na mota, a sa irin waɗanda ka rubuta. Sannan ka kama hannuna ka ce, "Me na ce?" Na maimaita. Ka ce, "Ka manta na mota." Na sake maimaitawa duka. Ka saki hannuna ka rufe ido.

A zaman makoki manya sun zo, motoci har bakin titi. An yabe ka, an ce ba a taɓa yin ma'aikaci irinka ba, wasu masu yabon da kunnena na ji abin da suka faɗa a zaman kwamiti. Ban ce komai ba, gidan rasuwa ne, kuma ni ne na ƙarshe da ya isa ya yi wa wani gorin zaginka. Amma da aka tashi, Habila ya bi su har mota ya faɗa musu maganar batir. Suka dafa kafaɗarsa suka ce, "Mun ji, mun ji, in sha Allahu." Habila ya dawo ya zauna kusa da ni, muka dubi juna.

To ranku ya daɗe, ni ba ni da ladabin Arɗo, kuma wanda nake da shi na kashe shi a ɗakin kwamiti. Kun ce kun ji. Me ya ce? An yi ruwan farko ranar Lahadi. Yaya Saudatu ta koma Wuro Hammadu, surin yana nan bayan asibiti, ba inda ya je. In kun manta, ga shi in maimaita muku, yadda marigayin ya koya mana, layi huɗu: Dutsen eriya. Batira sun gaji. A canza su kafin ruwa ya zauna, ba na mota ba. Takardar tana ofis tun Fabrairu. Ni da Habila da Ɗanlarai mun yarda mu ɗauka a ka mu hau, mun san hanya. Ranar Litinin zan zo sakatariya, ba da zagi ba, ya raba ni da wannan. Tambaya ɗaya zan yi, kuma kun san ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Fatu, wadda ta sha wanke taɓon riguna ba ta taɓa ƙorafi a gabanmu ba. Ga babbar 'yarsa Bilkisu da ƙannenta. Ga 'yan uwa na Fadaman Mada da na can ruga. Ga Habila, wanda ya rasa fiye da oga. Da duk mai riƙe da oba-oba a garuruwa talatin da biyun nan. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Injiniya, ka ce ka yafe mini, amma ina sake roƙo a gaban waɗanda na yi zagin a gabansu. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Duk ran da ya tsira ta hanyar eriyar nan, Allah ya sa a mizaninka. Kai da ka ƙare rayuwarka kana koya mana cewa "na ji" ba amsa ba ce, ka isa inda ake tambayar da ladabi ba ya amsawa. Allah ya tabbatar da harshenka, ya sa ka amsa daidai tun a karon farko, ba tare da an gyara maka ko kalma ɗaya ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Sabitu Mai Gyaran Waya
Gwallaga, Bauchi